Facin Rigar Karaban a Hanyar Keswick

A ƙarshen watan Oktoba, lokacin da makarantun Ingila ke ba da hutun tsakiyar zango, Kawu ya nemi in raka shi tare da Hajiya daga Hull zuwa Keswick, a yankin tafkuna da ke arewa maso yammacin ƙasar. Kawu ya daɗe yana aikin asibiti a Hull, kuma da ya ajiye aiki sai ya sayi karaban na hannu, wato ɗakin kwanan nan mai tayoyi wanda ƙaramar mota ke ja, mai gadaje da madafa da ɗan bayi a ciki. Wanda ya zauna a Hull ba zai yi mamakin wannan sha'awa ba, domin yankin ne cibiyar ƙera irin waɗannan ɗakuna a Birtaniya, kamfanin Swift ma yana Cottingham, a bakin garin. Al'adar kuwa tsohuwa ce a wurinsu: tun a 1885 aka ƙera wa wani likita, William Gordon Stables, karaban na yawon shaƙatawa wanda dawakai ke ja, sannan a 1907 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu, wadda har yau tana da sansanoni a faɗin ƙasar. Niyyar Kawu ita ce su ɗan huta a bakin tafkin Derwentwater, daga nan ya bar karaban ɗin a wata gona da ke ajiye wa mutane har hunturu ya wuce.

Kafin mu tashi sai da muka sanya wa karaban rigarsa ta gaba. Wannan riga ita ce kariyar fuskarsa a kan hanya, domin tayoyin motar da ke ja da na manyan motocin da ke wucewa suna watso tsakuwa da laka, tagogin karaban kuwa ba gilashi ba ne, wata roba ce mai kama da shi wadda ko ƙwayar yashi tana iya yi wa zane, kuma sauya babbar tagar gaba kaɗai yana cin fam ɗaruruwa. Bayan rigar yadi ne mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa, cikinta kuma yadi ne mai laushi kamar bargo. A gefenta biyu akwai lafi mai igiya a ciki, wanda ake zurawa a siririn layin alminiyon da ya kewaye jikin karaban, sannan a ƙasa akwai maɗaurai da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen da ke haɗa shi da mota. Tare da karaban ɗin Kawu ya saye ta, saboda haka ta sha rana da ruwa a hannun mai ita na farko, launinta ma ya fara koɗewa daga sama.

Mun bi babbar hanyar M62 zuwa yamma, muka juya arewa a kan A1 har mahaɗar Scotch Corner, ba tare da wani abin faɗa ba. Dokar ƙasar ta ƙayyade wa mai jan karaban mil 60 a awa a kan manyan hanyoyi masu hannu biyu, da mil 50 a kan hanya mai hannu ɗaya, kuma ta hana shi shiga layin ƙarshe na dama idan babbar hanya tana da layi uku ko fiye. Kawu mutum ne da ba ya wasa da doka, sau da yawa ma ƙasa da abin da aka yarda masa yake tafiya. A Scotch Corner muka yi sallar azahar, muka ɗauki A66, hanyar da ta ratsa tsaunukan Pennine zuwa Penrith, tafiyar kimanin mil 50 a kan sawun wata tsohuwar hanyar Rumawa.

Da muka wuce Bowes sai ƙasa ta canza. Itatuwa suka ƙare, gidaje suka ƙare, ba a ganin komai sai ciyawa mai ruwan ƙasa da katangun duwatsu da tumaki, hanya tana hawa a hankali har ta haura mita 400 a kan tudun Stainmore. Akwai ƙofofin ƙarfe a Bowes da Brough waɗanda ake rufewa idan ƙanƙara ta toshe hanya, kuma idan iska ta yi tsanani akan hana dogayen motoci da masu jan karaban bi ta nan. Ranar ba a hana ba, amma iska tana kaɗowa daga yamma, mu kuwa yamma muka nufa, wato gaba da gaba muke da ita. Abin da mai tuƙi ba ya ji a cikin mota shi ne ƙarfin da iska ke dannawa a fuskar karaban yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Idan mota tana tafiyar mil 50 kuma iskar mil 30 ta tare ta, to rigar tana fuskantar iskar mil 80 ne, wanda ya fi ninki biyu da rabi na abin da take sha a ranar da gari ya lafa.

Hajiya ce ta fara jin ƙarar, ta ce wani abu yana faf-faf a bayanmu. Kawu ya duba dogon madubin da ake ƙara wa mota saboda faɗin karaban, ya ga wani ɓangare na rigar yana tashi yana dukan kusurwar hagu. Direban wata tirela da ke bayanmu shi ma ya yi ta ƙyafta mana fitila. Muka lallaɓa zuwa wurin tsayawa na gefen hanya, muka fito cikin sanyin da ke ratsa riga har ƙashi.

Yagewar ta fara ne daga wajen mariƙin hagu, wato ƙarfen da ake kamawa a tura karaban da hannu, ta gangara ƙasa kusan kamu ɗaya, sannan ta karkata ta nufi ɗinkin maɗauri. Yadin baya ya tsage gaba ɗaya, na ciki mai laushin kuma ya zazzago yana lilo. Kawu ya tsaya yana kallo, hannayensa cikin aljihu, ya ce, "Ɗana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iskar nan ba ita ta fara ba, tarar da ƙofa ta yi." Da muka ɗaga rigar sai muka ga gaskiyar maganarsa. Ɗaya daga cikin sukurorin da suka riƙe mariƙin ya rasa hular robar da ke rufe kansa, kuma bakinsa yana da ɗan kaifi. Tun daga Hull yake cin yadin ta ciki sannu a hankali, duk lokacin da rigar ta motsa, har ya huda shi, da iska ta sami hudar kuwa sai ta shiga ta hura rigar ta farke ta.

Na ce, "Kawu, me zai hana mu cire ta gaba ɗaya mu sa a but, mu ƙarasa haka?" Ya girgiza kai, ya nuna mini bakin hanya, inda tsakuwa ta taru, ya ce ragowar tafiyar ta fi wadda za a bar taga tsirara, ga manyan motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Barin ta a yadda take kuma ya fi cire ta muni, domin yadin da ke kaɗawa yana goga ƙura a jikin taga, kuma idan wani yanki ya ɓalle ya faɗa a gilashin motar da ke baya, abin ya wuce asarar riga. Saboda haka muka yi gyaran da wurin ya ba da dama. Kawu ya fito da baƙin salatif mai faɗi irin wanda ba a raba mai karaban da shi, ya fara naɗe kan sukurun nan da shi har kaifin ya ɓace. Sannan ya ɗauki almakashin Hajiya ya yanke ƙarshen yagewar ya mai da shi ɗan zagaye, domin tsagar da ta ƙare da tsini duk ƙarfin ja yana taruwa ne a wannan tsinin, shi ya sa take ci gaba, amma idan ta ƙare a da'ira sai ƙarfin ya rarrabu. Muka haɗa bakin yadin biyu, ni ina riƙewa shi yana liƙawa, ciki da waje, muka ƙara gicciye a kai, muka ja maɗauran har rigar ta kwanta a jikin karaban ba ta motsi.

Wannan gyara ya sauko da mu Brough, ya wuce da mu Appleby, garin da ake cin kasuwar dawakai ta matafiya a kowane watan Yuni, ya kai mu Penrith. Daga nan ruwa ya kece. Da muka shiga Keswick bayan magariba, wadda a wannan lokaci take faɗuwa kafin ƙarfe biyar, gefen salatif ɗin ya riga ya fara ɗagawa, da safe kuwa rabinsa ya saki yana reto. Ban ga laifinsa ba. An liƙa shi ne a kan yadi mai sanyi, mai danshi, mai ƙurar hanya, kuma irin wannan yadi an shafe shi da sinadarin da ke korar ruwa, wanda bai bambance ruwa da gam ba. Ga shi kuma mun zo yankin da ruwa ba ya ɗaukewa, domin ƙauyen Seathwaite, a ƙarshen kwarin Borrowdale kudu da Keswick, ana lissafa shi wurin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a cikin wuraren da mutane ke zaune a Ingila, fiye da milimita 3,000 a shekara.

Maƙwabcinmu a sansanin, wani dattijo da ya zo daga Sikotlan da matarsa da karensu, ya leƙo ya ga rigar a shanye a ƙarƙashin rumfa, ya ce shawararsa ita ce a jefar a sayi sabuwa ta intanet, gobe ma za a kawo. Wannan ita ce amsar da aka fi ji a ƙasar, kuma ba rashin tunani ba ne, domin ladan aikin hannu yana da tsada ƙwarai, har sau da yawa gyara ya kan kusa kuɗin sabo. Sai dai rigar Kawu irin wadda aka yanka daidai da fuskar wannan samfurin karaban ce, ba a samun ta sai an yi oda an jira makonni, waɗanda ake kawowa washegari kuwa na kowa da kowa ne, ba sa kwanciya sosai, kuma rigar da ba ta kwanta ba ita ce ke kaɗawa ta yage. Matar da ke kula da sansanin ce ta ce mu gwada bakin teku, inda masu ɗinkin filafilan jiragen ruwa suke, domin aikinsu ke nan kullum, yadin da iska ta farke.

Muka bar Hajiya a Keswick tana kallon tsaunin Skiddaw daga taga da shayinta, muka kwance mota daga karaban, muka bi ta Cockermouth zuwa Whitehaven, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ta yi tashe da fataucin kwal da taba a ƙarni na 18, yanzu kuwa ƙananan jiragen shaƙatawa ne suka cika ta. Shagon da aka kwatanta mana yana saman wani tsohon sito. Ɗaki ne dogo mai daɓen katako, kekunan ɗinki manya a jere, kuma wata mata mai furfura ce ke riƙe da shi.

Ba ta fara da yagewar ba. Ta shimfiɗa rigar a ƙasa, ta bi ta da hannu tun daga sama, tana kama yadin tsakanin yatsu tana ja, sannan ta ɗaga shi ta duba ta hasken taga. Ta ce abin da take nema shi ne inda yadi mai rai ya fara, domin rana tana cinye ƙarfin zaren yadi shekara bayan shekara, kuma facin da aka ɗinka a kan yadin da ya mutu ba ya hana komai, sai dai ya mayar da yagewar bakin ɗinki. Da a ce duk rigar ta yi rauni haka, in ji ta, da ta gaya mana mu ajiye kuɗinmu. Ta sami raunin bai wuce tafin hannu ɗaya daga kowane gefen tsagar ba, ta zana iyakarsa da alli.

Daga nan aikin ya tafi a tsare, kuma na zauna a kan wani buhun yadi ina kallo. Ta ɓare ragowar salatif, ta goge gam ɗinsa da sifirit, ta busar da wurin da na'urar hura iska mai zafi, tana cewa gam ɗin da aka bari yana liƙe wa allura ya tsinka zare. Ta haɗa bakin tsagar da kabu mai kwana-kwana, ba don ya riƙe ba, sai don rigar ta koma ainihin faɗinta, domin ko ɗan yatsa ɗaya ta ragu ba za ta sake shiga layin alminiyon ba. Ta yanko faci daga yadin rumfar jirgi mai kauri daidai da na rigar, ya zarce layin allin ta kowane gefe, ta zagaye kusurwoyinsa huɗu da almakashi saboda kusurwa mai tsini ita iska ke fara kamawa. Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta sa wanda ya fi kauri ba tunda ga shi a gefenta. Ta ce facin da ya fi uwar yadi tauri ba ya lanƙwasawa tare da ita, sai bakinsa ya zama wuƙa, wata rana ya yanke ta. Ta manna facin da siririn salatif mai gam fuska biyu don kada ya goce, sannan ta bi shi da layi biyu na kabu mai kwana-kwana, da zaren roba wanda rana ba ta saurin ci. Kabun miƙe, a cewarta, yana jera huda a layi ɗaya kamar takardar rasit da aka shirya don a yage, mai kwana-kwana kuwa yana raba hudar kuma yana miƙewa idan an ja. Ta ciki ta sa wani facin na yadi mai laushi, ta rufe duk wani zare da zai taɓa taga.

Wurin maɗaurin ne keke ya kasa shiga, saboda yadin ya ninku da yawa kusa da maƙalar roba. Sai ta sanya wata fata a tafin hannunta mai ɗan ƙarfe a tsakiya, ta ɗauko allura mai kauri da zare mai kaki, ta riƙa tura allurar da tafin hannu tana ja da ƙarfi. A nan ne Kawu, wanda tun shigowarmu bai ce komai ba, ya matso kusa. Ya gaya mata cewa da yana yaro a Kano ya sha zama wurin masu ɗinkin tampol a tashar manyan motoci, waɗanda ke facin tampol ɗin motocin gyaɗa da basilla da zare mai kaki, kuma su ma ba sa ɗora faci sai sun ja yadin sun ji inda yake da ƙarfi. Ta miƙa masa fatar ta ce ya gwada. Ya yi kabu kaɗan, ta duba, ta warware ɗaya ta bar sauran.

Da ta ji cewa za a bar karaban ɗin a gona har bazara, sai ta tambayi abin da za a rufe shi da shi. Kawu ya ce yana da babban tampol shuɗi a but. Ta ajiye almakashi ta ce kada ya kuskura. Ni ma a raina tampol ɗin ne ya fi kama da hankali, domin mu inda muka taso abokan gabar abin hawa rana ce da ƙura, kuma duk abin da ya tare su ya wadatar. A Cumbria, yankin da Keswick take, abokin gaba danshi ne, kuma daga ƙasa da cikin ɗakin yake tasowa. Tampol ba ya barin tururi ya fita, sai raɓa ta taru a ƙarƙashinsa ta kwana a jikin karaban wata da watanni, ta bi ta bakin taga da mahaɗar rufi, fumfuna ta kama labule da katifu, katakon da ke cikin bangon tsofaffin karaban kuma ya ruɓe ba tare da an gani ba. Masu duba karaban suna da na'urar auna danshin bango, kuma idan ta haura kashi 20 cikin 100 sukan ce akwai matsala. Rigar ajiya ta gaskiya yadi ce mai hawa-hawa wanda ke tare ɗigon ruwa amma yana barin tururi ya wuce. Ta ƙara da cewa mafi yawan irin waɗannan riguna da ake kawo mata a watan Maris a wurare iri ɗaya suke yagewa: kan eriyar talabijin, bakin bututun hayaƙi, ƙarshen layin alminiyon, da kusurwoyin rufi. Ta ce a wanke karaban ya bushe kafin a rufe shi, a sa soso a kan duk abin da ke da tsini, a ɗaure ta ƙarƙashi yadda ba za ta kaɗa ba, kuma a roƙi mai gonar ya riƙa dubawa bayan kowace guguwa.

Kawu ya ɗan yi gardama, domin tampol ɗin sabo ne kuma ya biya kuɗinsa, amma bai daɗe ba ya sauko. Abin da ta karɓa na facin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabuwar riga ba, ta kuma haɗa mana da guntun yadin da ya rage da wani ruwan gam da ake shafawa a kan kabu don toshe hudar allura, ta ce a bar shi ya kwana kafin ruwa ya taɓa shi. A hanyar komawa muka tsaya a Cockermouth muka sayi hulunan sukuru na roba da soson da ake rufe bututun ruwa da shi. Da yamma Kawu ya sauya hular da ta ɓace, ya bi sauran sukurori na mariƙan biyu ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya sami wani a dama wanda hularsa ta tsage, ya sauya shi shi ma.

Gonar ajiyar tana gabas da Penrith, a gindin tsaunin Cross Fell, inda iskar da mutanen wurin ke kira Helm take gangarowa da ƙarfi daga arewa maso gabas, saboda haka facin ya sami ɗan gwaji a ranar da muka kai karaban can, cikin ruwa da iska, a kan A66 da kuma ƙananan hanyoyin ƙauye masu laka. Da muka isa na duba kabun, babu inda ya motsa, taga kuma ba ta da ko zane. Rigar ajiyar da Kawu ya yi oda ba ta iso ba tukuna, sai ya bar wa mai gonar soson da kwatancen wuraren da za a sa shi, ya ce zai dawo da kansa ranar da aka kawo ta. Rigar gaba muka shanya ta a rumbun ciyawa ta bushe, muka naɗe ta muka sa a cikin karaban, tampol ɗin kuwa mai gonar ya karɓa zai rufe itacen wutarsa da shi.